Ɗalibi da Filin Wasa: Yadda Gasar Makarantu ta Kafu a Ƙarni na 19

Gabatarwa

A kowace makarantar sakandare akwai ranar da akan ajiye alli da littafi a fita fili. A ja layuka da farar ƙasa, a kafa tutocin gidaje, alƙalai su riƙe usur da agogo, daga ƙarshe a miƙa kofi ga gidan da ya fi yawan maki. Mun saba da wannan tsari har muna ganin kamar tare da makaranta aka haife shi. Kokawa da dambe da langa da tsere dai tsofaffi ne, kakanninmu sun yi su tun ba a san boko ba. Amma makaranta ta fitar da ƙungiya ta kara da wata makaranta bisa rubutattun dokoki, da alƙali, da auna lokaci da nisa, wannan tsari ne da ya kafu a Ingila da Amurka, yawancinsa tsakanin 1850 da 1900.

A cikin waɗannan shekaru hamsin, tambaya ɗaya ce ta dami malamai da iyaye da shugabannin jami'o'i: shin wanda ke cikin fili ɗalibi ne da yake wasa, ko kuwa ɗan wasa ne da aka ara masa rigar makaranta? Bari mu bi tarihin, mu ga yadda tambayar ta taso, da irin amsoshin da aka ba ta.

Ɗalibai ne suka fara

Abu na fari da ya kamata mu sani shi ne, ba hukumomin makarantu ne suka ƙirƙiro gasar ba. Ɗalibai ne suka tara kuɗinsu, suka zaɓi kyaftin, suka rubuta wa takwarorinsu na wata jami'a takardar neman karawa. Wani ɗalibin Oxford mai suna Charles Wordsworth, wanda daga baya ya zama bishop, shi ne ya shirya wasan kurket na farko tsakanin Oxford da Cambridge a 1827. Yana kuma cikin waɗanda suka shirya tseren kwale-kwale na farko tsakaninsu a 1829. Daga 1856 tseren ya zama na shekara-shekara a Kogin Temis cikin Landan, nisan mil huɗu da 'yan kai. Mutum takwas ne suke tuƙi a kowane jirgi, na tara yana zaune a baya yana saita shi.

Guje-guje da tsalle-tsalle suka biyo baya. Ɗaliban Kwalejin Exeter ta Oxford sun shirya nasu taron a 1850, sa'an nan a 1864 aka yi karawar farko tsakanin jami'o'in biyu. Wasanni takwas aka yi, har da gudun yadi 100, da gudun mil ɗaya, da tsallake shinge, da dogon tsalle, da tsallen sama. Kowace jami'a ta ci huɗu, aka tashi canjaras. A irin wannan karawa ce ta 1876 ɗalibin Oxford Marshall Brooks ya tsallake ƙafa 6 da inci 2½, wato mita 1.89, a zamanin da babu katifar sauka.

Ƙwallo ita ma a hannun ɗalibai ta sami doka. Manyan makarantun kwana irin su Eton da Harrow da Rugby kowace tana da nata salon. A wata ana ɗaukar ƙwallo da hannu a ruga, a wata an hana. Da tsofaffin ɗalibansu suka haɗu a Cambridge sai wasa ya gagara, gama kowa yana kiran ɗan'uwansa mai karya doka. A 1848 suka zauna suka rubuta dokoki na bai ɗaya. Irin wannan ƙoƙari ne ya kai ga kafa Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Ingila a 1863. Masu son riƙe ƙwallo da hannu kuwa suka ware, suka kafa tasu hukumar ta zari-ruga a 1871.

Abin da ya sa malamai suka rungumi wasa

Da farko shugabannin makarantu da yawa suna ganin wasa ɓata lokaci ne. Amma makarantun kwana na wancan zamani ba su da daɗin riƙo. Yara sukan bazama cikin gonakin mutane, su yi faɗa da 'yan gari, manya su zalunci ƙanana. A 1851 ɗaliban makarantar Marlborough suka yi tawaye. Sabon shugaban da aka kawo a 1852, George Cotton, ya ga cewa yaron da ya gaji a filin wasa a gaban idon malami ba shi da sauran ƙarfin ɓarna, sai ya tsara wasanni, ya ɗauki samarin malamai masu iya shiga fili tare da yara. Sauran makarantu suka bi sahu. Da yake ɗalibai suna kwana ne a gidaje dabam dabam, kowane gida a ƙarƙashin malami ɗaya, sai aka riƙa haɗa gida da gida. Asalin gasar gidaje ke nan.

Akwai kuma koyarwar da ta ƙarfafa abin, wadda aka yi wa laƙabi da Kiristanci mai ƙwanji. Marubuta irin su Charles Kingsley da Thomas Hughes sun koyar cewa jiki baiwa ce daga Allah, dole a hore shi, ƙarfinsa kuma na kāre marasa ƙarfi ne. Littafin Hughes na 1857 a kan rayuwar wani yaro a makarantar Rugby ya yaɗa wannan tunani ƙwarai. A 1885, sa'ad da samari bakwai da ake kira Bakwai na Cambridge suka tashi zuwa ƙasar Sin aikin bishara, abin da ya girgiza jama'a shi ne, a cikinsu akwai C. T. Studd, tsohon kyaftin na kurket wanda ya buga wa Ingila, da Stanley Smith, wanda ya yi wa Cambridge tseren kwale-kwale. Studd ya ƙare ransa a Kwango a 1931.

Sai dai tsarin Ingila yana da nasa tabo. Sun ce a yi wasa don ƙaunar wasa, kada a karɓi lada. Maganar tana da daɗin ji, amma waɗansu ƙungiyoyi sun yi amfani da ita suka hana leburori da masu sana'ar hannu shiga gasa, ko da ba su taɓa karɓar ko kwabo ba. Hukumar guje-guje da aka kafa a Oxford a 1880 ta jefar da wannan sharaɗi, amma a tseren kwale-kwale ya daɗe har zuwa 1937.

Amurka: kuɗi tun daga ranar farko

Gasa ta farko tsakanin kwalejojin Amurka ita ce tseren kwale-kwale na Harvard da Yale a watan Agusta 1852, a wani tafki a jihar New Hampshire. Mu lura da wanda ya biya kuɗin tafiya da masauki: kamfanin jirgin ƙasa ne, wanda yake so ya jawo 'yan yawon buɗe ido zuwa tafkin. Wato tun ranar farko ɗan kasuwa yana ciki. A karawa ta biyu kuwa, a 1855, wanda ya saita jirgin Harvard ya riga ya gama makaranta. Matsalolin nan biyu, kuɗi da shigar wanda ba ɗalibi ba, sun girmi kowace doka.

Ƙwallon da ɗaliban Amurka suke yi a lokacin ya fi kama da dambe. A Harvard 'yan aji biyu sukan tari sababbin shiga da sunan wasa, a yi ta naushi da shuri, har hukumar jami'ar ta hana a 1860. Ɗalibai suka ɗauki ƙwallo a akwatin gawa suka yi mata jana'izar ba'a. Amma ba ta mutu ba. Ranar 6 ga Nuwamba 1869, Rutgers da Princeton suka kara, mutum 25 a kowane gefe, Rutgers ta ci 6 da 4. Wannan wasa ya fi kusa da ƙwallon ƙafa irin tamu. A 1874 ɗaliban Jami'ar McGill ta Kanada suka zo Harvard da salon zari-ruga. Ya burge 'yan Harvard, daga nan ya yaɗu.

Ɗalibin Yale Walter Camp ne ya mai da shi wasa na dabam. A 1880 ya sa aka rage 'yan wasa zuwa 11, aka kuma ce ɓangarorin biyu su jeru suna fuskantar juna, ƙwallo tana hannun ɓangare ɗaya kafin a fara. Nan da nan waɗansu suka gane cewa za su iya riƙe ƙwallo rabin lokaci cur ba tare da sun yi yunƙurin ci ba. Saboda haka a 1882 aka ƙara doka: ko ku ci gaba yadi 5 cikin yunƙuri uku, ko ku ba da ƙwallo. Daga waɗannan dokoki ne ƙwallon Amurka ta yau ta fito.

Jama'a suka haukace a kanta. A Ranar Godiya ta 1893, mutum wajen 40,000 suka kalli wasan Princeton da Yale a Niyok, har waɗansu ikkilisiyoyi suka matso da lokacin sujada domin mutane su sami zuwa fili. Kuɗin ƙofa ya yi yawa, yana kuwa hannun ɗalibai da tsofaffin ɗalibai. Jaridu suka cika shafuka da labarin 'yan wasa. Shugabannin jami'o'i suka lura cewa nasara a fili tana jawo sababbin ɗalibai da masu ba da gudummawa fiye da kowace lacca.

Wane ne ɗalibi?

Inda nasara ta zama kuɗi da suna, dole a nemi hanyar samunta ko ta ƙaƙa. Sai aka sami 'yan wasa masu yawo daga kwaleji zuwa kwaleji, irin waɗanda muke kira sojojin haya. Wani yakan yi rajista a farkon kakar wasa, ya ɓace da zarar an buga wasan ƙarshe. Wani yakan gama digiri ya sake shiga wani sashe domin kawai ya ci gaba da wasa. Misalin da ya fi shahara shi ne na Fielding Yost. A 1896 ɗalibi ne a Jami'ar West Virginia. A tsakiyar kaka ya bayyana a Kwalejin Lafayette, ya taimaka mata ta doke Jami'ar Pennsylvania da ci 6 da 4, sa'an nan ya koma inda ya fito.

Mu yi tunanin abin da wannan yake yi wa makaranta. Yaron da ya yi ta horo tun farkon shekara an ajiye shi a benci saboda baƙo. Sauran ɗalibai sun san gaskiya, suna kuma kallon malamansu suna kau da kai. Abokan karawa su ma sai su nemo nasu sojan. Kofi yakan zo gida, amma kowa ya koyi cewa ana iya yin ƙarya idan don sunan makaranta ne.

Malamai suka fara ƙwato iko. A 1882 Harvard ta kafa kwamitin malamai mai kula da wasanni, bayan an yi kukan cewa 'yan wasa suna yawan tafiye-tafiye suna rasa darussa. A 1885 ta hana ƙungiyarta buga ƙwallo shekara guda. Shugaban jami'ar, Charles Eliot, ba maƙiyin motsa jiki ba ne, gama shi kansa ya yi wa Harvard tseren kwale-kwale a 1858. Abin da ya ƙi shi ne wasan da yake koya wa samari yaudara da cin zalin mai rauni. Amma jami'a ɗaya ba ta iya gyara ita kaɗai, domin duk wadda ta tsaurara doka ita za a riƙa dokewa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka a watan Janairu 1895 shugabannin jami'o'i bakwai suka taru a Shikago bisa gayyatar James Smart na Jami'ar Purdue. Suka amince cewa ba mai wakiltar jami'a sai ɗalibi na ainihi mai cikakken karatu, ba za a biya shi don wasa ba, wanda kuma ya gaza a karatunsa ba zai shiga fili ba. A 1896 aka kafa ƙungiyar sosai, ita ce ake kira Big Ten a yau. Duk lokacin da aka ce a kawo katin shaida da takardar rajista kafin gasa, jikar wannan doka ce ake bi.

Jini a fili

Matsala ta uku ita ce rauni da mutuwa. A 1892 Harvard ta fito da wata dabara a wasanta da Yale. 'Yan wasa suka kasu biyu, suka taso a guje daga nesa, suka haɗe kamar bakin mashi da mai ƙwallo a tsakiya, sa'an nan dukan nauyinsu ya faɗa kan mutum ɗaya. Babu hular kwano a lokacin, waɗansu sukan bar suma ta yi tsawo da fatan za ta kāre musu kai. An hana wannan dabara a 1894, amma aka ƙirƙiro 'yan'uwanta. Wasan Harvard da Yale na 1894 ya yi muni har aka fitar da 'yan wasa da munanan raunuka, jami'o'in biyu suka daina karawa sai a 1897.

A wannan shekara ta 1897, wani ɗalibin Jami'ar Georgia mai shekara 17, Richard Von Gammon, ya bugu a ka a wasansu da Virginia, ya rasu washegari. Majalisar jihar ta zartar da dokar haramta wasan. Sai mahaifiyar yaron ta rubuta wasiƙa tana roƙo kada a mai da mutuwar ɗanta dalilin kashe abin da ya fi ƙauna. Gwamna William Atkinson ya ƙi sa hannu, dokar ta mutu. Wasa ya tsira, amma haɗarin yana nan. A 1905 jaridu suka ƙirga mutum 18 da suka mutu a kaka ɗaya. Shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadarsa. A 1906 aka kafa ƙungiyar jami'o'i ta ƙasa, wadda ta ɗauki sunan NCAA a 1910, aka kuma yarda a riƙa jefa ƙwallo gaba domin a warwatsa cunkoson da yake karya mutane.

Amsar malami ɗaya

Ana cikin wannan hali, wani malami ya bi ta wata hanya. James Naismith ɗan Kanada ne, ya yi zari-ruga a McGill, ya karanta tauhidi, sa'an nan ya ga cewa zai iya yi wa samari hidima a filin wasa kamar yadda zai yi a bagade. A watan Disamba 1891 yana koyarwa a makarantar horar da ma'aikatan YMCA a Springfield. Sanyi ya hana fita waje, ɗalibai 18 sun gaji da atisayen cikin ɗaki. Shugaban sashensa, Luther Gulick, ya ba shi kwana 14 ya fito da sabon wasa.

Naismith ya zauna ya tambayi kansa abin da yake kawo rauni. Ya ga cewa ana kā da mutum ne domin yana gudu da ƙwallo, sai ya hana gudu da ita. Ya ga cewa idan raga tana ƙasa, mai ƙarfi ne zai kutsa, sai ya ɗaga ta sama, inda saiti ya fi ƙarfi amfani. Aka kafa kwandunan 'ya'yan itace biyu a tsayin ƙafa 10, ya rubuta dokoki 13, aka raba ɗalibai tara-tara. Ƙwallon kwando ke nan. A 1895 wani ma'aikacin YMCA, William Morgan, ya ƙirƙiro ƙwallon raga, inda ragar take raba 'yan wasa har ba mai taɓa wani. Darasin a fili yake: doka mai kyau tana iya cire mugunta daga wasa ba tare da ta cire daɗinsa ba.

Waɗanda aka tsayar a bakin ƙofa

Likitoci da yawa na zamanin suna cewa gudu da tsalle za su lalata lafiyar mace. Duk da haka Senda Berenson ta kai ƙwallon kwando Kwalejin Smith ta 'yan mata, a 1893 'yan aji ɗaya da 'yan aji biyu suka kara, aka hana maza shiga kallo. Kwalejin Vassar ta yi ranar guje-guje ta 'yan mata a 1895. A watan Afrilu 1896 'yan matan Stanford suka doke na Berkeley da ci 2 da 1, karawa ta farko ke nan tsakanin matan jami'o'i biyu a wannan wasa.

Baƙar fata ma da ƙyar suka sami shiga. William Henry Lewis, wanda iyayensa suka taɓa zama bayi, ya zama kyaftin a Kwalejin Amherst, ya wuce Harvard karatun lauya, aka zaɓe shi cikin gwanayen 'yan wasan ƙasa a 1892 da 1893. Bai saki littafi ba, a 1911 ya zama Mataimakin Babban Lauyan Amurka. A kudancin ƙasar, inda aka raba makarantu bisa launin fata, kwalejoji biyu da ikkilisiyoyi suka kafa, Biddle da Livingstone, suka yi karawar ƙwallo ta farko tsakanin kwalejojin baƙar fata ranar 27 ga Disamba 1892, cikin dusar ƙanƙara. Ɗalibai mata na Livingstone ne suka ɗinka wa ƙungiyarsu kayan wasa. Biddle ce ta ci.

Daga Afirka ta Yamma kuwa akwai Arthur Wharton, haifaffen Akra a 1865, ɗan wani fasto na Metodis. An aike shi Ingila karatu domin ya yi aikin mishan. Yana ɗalibi a Darlington, a 1886, ya yi gudun yadi 100 cikin daƙiƙa 10 a gasar ƙasa a Landan, ya zama zakara. Ya bar karatu ya bi wasa, ya zama mai tsaron gida, shi ne kuma ake ɗauka baƙar fata na farko da ya yi sana'ar ƙwallon ƙafa. Da ƙarfi ya ƙare sai ya koma aiki a ma'adinan kwal. Ya rasu cikin talauci a 1930, kabarinsa bai sami dutsen shaida ba sai a 1997. Wariyar launin fata tana da nata kaso a wannan labari, amma ya kuma nuna mana cewa kwanakin ƙafa gajeru ne.

Atina, 1896

Bafaranshe Pierre de Coubertin ya ziyarci makarantar Rugby a 1883, da kwalejojin Amurka a 1889. Abin da ya gani yana cikin abubuwan da suka sa ya farfaɗo da wasannin Olamfik. A karo na farko, a Atina ta ƙasar Girka a 1896, Amurka ta aika mutum 14, da yawansu ɗalibai, suka ci wasanni 11.

Robert Garrett na Princeton bai taɓa ganin faifan jifa ba. Ya sa maƙeri ya ƙera masa bisa kwatancin tsofaffin littattafai, abin ya fito da nauyin da ba ya jefuwa, ya haƙura. Da ya isa Atina ya tarar na ainihin bai wuce kilo 2 ba, ya shiga gasa, ya jefa mita 29.15, ya doke Girkawa a wasan kakanninsu. Ya kuma ci jifan dalma. Ɗaliban Harvard biyu sun nemi izinin tafiya. Ellery Clark, saboda makinsa yana da kyau, aka ba shi, ya ci dogon tsalle da tsallen sama, ya koma aji. James Connolly aka hana shi, ya bar jami'ar, ya ci tsalle mai hawa uku ranar 6 ga Afrilu, ya zama zakaran farko na Olamfik na zamani. Bai sake komawa karatu a can ba. Har a wannan babban dandali, tambayar ɗalibi da wasa ta bi su.

Kammalawa

'Yan mishan da jami'an ilimi da suka zo ƙasarmu 'ya'yan wannan zamani ne, suka zo da gidaje da kofuna da usur. A Kalaba, makarantar Hope Waddell da aka kafa a 1895 ta kara da ma'aikatan wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila a 1904, wasan da ake ɗauka shi ne na farko da aka rubuta labarinsa a tarihin ƙwallon ƙafa a Nijeriya. Mun gāji tsarin, mun kuma gāji jarrabawarsa.

Maganar ba ta ƙare ba har yau. A Amurka, tun 2021 aka yarda ɗalibi ɗan wasa ya sami kuɗi da sunansa da hotonsa, a 2025 kuma kotu ta amince jami'o'i su riƙa biyan 'yan wasansu kai tsaye. Waɗansu sun ce adalci ne, tun da guminsu ne yake kawo kuɗin. Waɗansu sun ce kalmar ɗalibi ta zama suna kawai.

A namu matakin, abin da tarihin yake nema gare mu ba shi da wuya a fahimta. Malamai da masu horarwa, kada mu sa wanda ba ɗalibinmu ba a fili, kada mu rage wa kowa shekaru a takarda, kada kuma mu mai da yaron da ya ji ciwo cikin wasa don muna son kofi. Iyaye da 'yan ikkilisiya, mu bar 'ya'yanmu mata da maza su fita fili, mu kuma tambaye su sakamakon jarrabawa kamar yadda muke tambayar wanda ya ci tsere. Ku kuma ɗalibai, ku tuna cewa tsararrakinku ne suka fara wannan abu da hannunsu, suka rubuta dokokinsa. Ku yi gudu da dukan ƙarfinku, ku bi hukuncin alƙali ko bai yi muku daɗi ba, ku gai da wanda ya riga ku isa layi. Ran Litinin da safe kuma a same ku a aji.